Babi na 3: Rumfa ma sai an yi mata tsari?

Da wuya ka ce wa mutum ya zauna ya tsara rumfa kafin ya kafa ta bai yi maka wannan tambaya ba. Dirka huɗu ce fa, a gitta sanduna, a ɗora zana. Kakanninmu da safe suke farawa, kafin azahar an shimfiɗa tabarma ana hira. Haka ne. Sai dai dattijon da ya kafa rumfa da safe ɗaya a gidan aka haife shi. Ya san bangon da rana ke duka a bazara, ya san kusurwar da hadari ke bugowa, ya san itacen da gara ke gudu. Tsarin yana cikin kansa tun kafin ya ɗauki dagi. In kuma iska ta yi gaba da zanar, asararsa ba ta taka kara ta karya ba, gobe ya ɗaura wata.

Rumfar da wannan babi ke magana a kai ta fi wannan tsada. Ita ce wadda ake yi wa ginshiƙai na katako ko ƙarfe a cikin kankare, a jera mata katakai a sama da tazara tsakaninsu, sannan a bar wata shuka mai yaɗo ta hau ta lulluɓe. Tsohuwar dabara ce. A Masar, a bangon kabarin wani magatakarda mai suna Nakht da ke kusa da Luksor, akwai zanen mutane suna tsinkar inabi a ƙarƙashin irin wannan rumfa, shekara kusan 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gaɓar Amalfi ta ƙasar Italiya har yau a kan rumfuna ake rainon lemon tsami. A wajenmu kuwa yanzu take shiga sababbin unguwanni, yawanci a gidan da aka tare bara ko bana, wanda mai shi bai gama sanin halinsa ba. Abin da aka zuba wa siminti ba ya ciruwa cikin sauƙi, shi ya sa ake tsara shi tun a takarda.

Wa zai zauna, kuma yaushe?

Kafin a kira kafinta, a fara zama da mutanen gida. Rumfar da uwargida za ta riƙa gyaran shinkafa da yi wa yara kitso daban take da wadda maigida zai karɓi abokansa bayan isha'i. Ta farko tana son kusa da madafi da ƙofar ɗaki, nesa da idon mai shigowa. Ta biyu tana son wajen zaure ko ƙofar gida, yadda baƙo namiji ba sai ya ratsa tsakar gida ba. Rumfuna da yawa da suka koma wurin ajiye tsofaffin tayoyi da buhunan gawayi a nan aka yi musu kuskure: maigida ne ya zaɓi wuri shi kaɗai, alhali shi ya fi kowa ƙarancin wuni a gidan. Matan gida su suka san inda suke jan tabarma da hantsi da inda suke komawa bayan azahar. A tambaye su, kuma a ɗauki maganarsu.

In ana son kwana a ƙarƙashinta a daren bazara, a faɗa tun yanzu don a tanadi inda za a rataya gidan sauro. In za a riƙa jam'in salla a wurin, a daidaita tsawonta da sahu. Alƙibla a Kano da kewaye ta karkata daga gabas sosai zuwa arewa da kimanin digiri 20, kuma rumfar da ba a lura da haka ba sai ta tilasta wa mutane yin sahu a karkace, na gefe yana cikin rana.

Bi inuwa kafin ka haƙa rami

Inuwa ake nema, ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Duk wanda ya yi karatun farko na fiƙihu ya san alamar shigar la'asar: inuwar kowane abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage lokacin da rana ta take tsaka. Ɗauki wannan ilimi ka ɗora a kan rumfa. Idan tsayinta mita 2.4 ne, to da shigar la'asar a watan Afrilu inuwarta ta zame gabas da mita 2.4. In faɗin rumfar mita 3 ne, abin da ya rage a ƙarƙashinta bai kai faɗin tabarma ba. Kafin ƙarfe 4 ta wuce sosai inuwar ta fice gaba ɗaya, ta koma jikin katanga ko gidan maƙwabci, kai kuma kana zaune a ƙarƙashin rumfarka rana tana dukan ƙeyarka. Iya tsayin da aka ƙara mata, iya saurin gudun inuwar. Rumfar da aka ɗaga don ta yi kwarjini takan zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Saboda haka ɓangaren yamma shi ne abin kula na farko. Rufin sama ba ya tare ranar yamma, sai abin da ke tsaye. Mafi sauƙi a kafa rumfar a gabashin wani ɗaki, ko doguwar katanga, ko bishiya, yadda inuwarsu za ta karɓi aiki daidai lokacin da ta rumfar ta gudu. In babu ko ɗaya, a yi wa gefen yamma bango mai shan iska: asabari da ake saukewa a naɗe, ko raga ta waya da shuka za ta bi.

Akwai kuma tafiyar rana ta shekara, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana tsayawa cak a kan mutum sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. Tsakanin waɗannan kwanaki biyu ta ɗan karkata arewa, sauran watannin kuwa ta kudu take bi. A Zariya, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram bambancin kwanakin bai wuce mako guda ba. A ƙarshen Disamba karkatar ta kai matuƙa: ginshiƙi mai mita 2.4 yana jefa inuwar kusan mita 1.7 zuwa arewa da tsakar rana. Ma'ana, a lokacin sanyi rana tana shigowa ƙarƙashin rumfa ta kudu, kuma wannan alheri ne, domin lokacin ne tsofaffi da yara ke neman hantsi. A bar gefen kudu a buɗe. Shi ne ma gefen da iskar damina mai sanyi ke shigowa, ta kudu maso yamma. Iskar hunturu mai ƙura kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, zana guda da za a ɗaura a Nuwamba a kwance a Fabrairu ta isa.

Ba sai an yi lissafi ba ma. A samu gora mai tsawon rumfar da ake so, a kafa ta a wurin, a riƙa yi wa bakin inuwarta alama da dutse: da hantsi, da azahar, da la'asar, da ƙarfe 5. A yi haka a wurare biyu ko uku na tsakar gidan. Duwatsun za su nuna inda ya kamata a haƙa.

Hoton da aka gani a waya

Yawancin masu son irin wannan rumfa hoto suka gani, na wani lambu a Ingila ko Amurka, katakai a jere a sama da tazara mai faɗi, inuwa ta zuba a ƙasa layi-layi. Sai a miƙa wa kafinta waya a ce, ka yi min irin wannan. Shi kuma ya yi, don aikinsa ke nan, a gama a biya, a ga ba ta zaunuwa.

Dalili shi ne ranar can ba irin tamu ba ce. A Landan rana ba ta taɓa hawa sama da digiri 62 daga ƙasa, ko a tsakiyar lokacin zafinsu. Kullum a karkace take zuwa, sai kowane katako ya jefa inuwa gefe ta cike giɓin da ke kusa da shi. A nan kuwa, a watannin da aka fi buƙatar inuwa, rana daga tsaye take saukowa, ta bi ta tsakanin katakan kai tsaye. Katako mai kaurin santimita 5 da aka jera da giɓin santimita 30 bai tare fiye da kashi 1 cikin 7 na ranar tsaka ba.

Gyara iri biyu ne, kuma a haɗa su. Na farko, a matse jerin, a tsayar da katakan a kan gefensu, a miƙar da su daga arewa zuwa kudu domin rana ta riƙa ratsa su a gicciye. Katakon da kafintoci ke kira tu-bai-fo, in an tsayar da shi a kan gefe aka bar giɓin santimita 10, yana tare rana gaba ɗaya da sassafe da kuma daga la'asar, amma da tsakar rana kashi 1 cikin 3 kawai yake tarewa. Don haka sai na biyu: a ɗora wani abu a kai. Ganye ya fi komai, domin ban da tare rana yana fitar da danshi da ke sanyaya iskar ƙarƙashinsa. Kafin shuka ta kai, zana ko asabari ko tabarmar kaba sun wadatar. Akwai kuma ragar inuwa irin ta masu rainon dashe, wadda ake sayarwa da lambar yawan hasken da take tarewa, a nemi mai kashi 80 ko 90.

Wani zai ce me zai hana a buga kwano a huta? Kwano yana tare ruwa, wannan ba musu. Amma a Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, kuma zafin da ya sha ƙasa yake saukar da shi a kan mai zama. Ni ban ga amfanin rumfar da ake gudu daga ƙarƙashinta da azahar ba. In dole sai kwano, a rufe rabi kawai, a ɗaga shi, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa da tazarar da iska za ta ratsa. Robar nan mai haske da ake rufa wa motoci a wasu gidaje kuwa, haske da zafi duka take shigarwa.

Hadarin gabas

Rumfa ba ta cika faɗuwa saboda nauyi ba. Iskar farkon damina ce ke kayar da ita, wadda ke tasowa daga gabas da ƙura a Mayu da Yuni kafin ɗigon farko ya sauka. Iskar tana shiga ƙarƙashi ta ɗaga rufin sama, kuma ƙusar da aka buga daga sama zuwa ƙasa ita ce hanyar da ta fi sauƙin zarewa. Duk mahaɗar ginshiƙi da babban gilme a huda ta a ɗaure da noti, in ƙarfe ne a yi walda ta zagaye, ba ɗigo biyu ba. Kowane katako na sama a kama shi da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ko a ɗaure shi da waya mai kauri.

Ramin ginshiƙi kada ya gaza santimita 60, in ƙasar yashi ce a kai shi 75 ko fiye, a cika da kankare mai tsakuwa, a ba shi kwanaki ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗora komai. Sannan a sa tokara a kowace kusurwa, wato gajeren katako da ke tashi daga jikin ginshiƙi a karkace ya kama gilme. Kafintoci da yawa suna tsallake ta wai tana ɓata kyau. Ita ce ke hana rumfa rangaji, domin abu mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa, mai kusurwa uku kuwa sai dai ya karye. Zana kuma a ɗaure ta da igiya yadda za a iya kwance ta in an ga gabas ta yi baƙi. In ma ba a samu kwancewa ba, igiyar ce za ta tsinke zanar ta tafi, ginshiƙai su tsira.

Gara

Farin katako mai taushi, irin wanda ake kafa wa zubin kankare a cire, ba na rumfa ba ne. In ya taɓa ƙasa gara tana iya gamawa da shi a damina ɗaya ko biyu, ta bar fenti a tsaye ciki ba komai. Magabata sun san masu jurewa: azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, da ƙirya da marke. Tsofaffin soraye a Kano da Zariya da azararsu ta asali shaida ne. Amma waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci a dazukanmu, kuma bai dace a sare ƙiryar da ta shekara hamsin don wurin shan shayi ba. Azarar da aka ciro daga tsohon gini, in an samu mai lafiya, a saya da hannu biyu. A kasuwar katako a nemi jan katako mai nauyi, irin loko ko maɗaci, busasshe, domin ɗanye yana murɗewa bayan an buga shi.

Abin da na fi ba da shawara shi ne ginshiƙan ƙarfe, saman katako. Fayif mai inci 3, wanda kaurin jikinsa bai gaza milimita 2 ba, a shafe shi da jan fentin hana tsatsa kafin a binne, a toshe bakinsa na sama don kada ruwa ya taru a ciki. Wanda ya fi son ginshiƙin katako, kada ya binne shi. A dasa ƙarfe mai baki biyu a cikin kankaren, a ɗora katakon a kai ya ɗan ɗaga daga ƙasa, yadda in gara ta fara gina hanyarta ta laka za a gani a kankare ta. Maganin gara irin su Solignum a shafa shi kafin a haɗa katakan, musamman a bakin da aka yanka. Baƙin mai da mutane suka saba shafawa yana ɓata tufafi da tabarma, kuma bai kamata ya kusanci ƙasar da za a shuka abin ci ba.

Girma da awo

Katako a kasuwanninmu tsawon ƙafa 12 yake zuwa, wato kusan mita 3.6. Wanda ya tsara rumfarsa a kan wannan awo ba zai biya kuɗin guntaye ba. Mita 3 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, da rarar santimita 30 a kowane gefe, ya cinye katako ɗaya daidai, kuma wurin ya ishi tabarmi biyu manya ko tebur da kujeru shida. In ana son fiye da haka, a ƙara ginshiƙai maimakon a ƙara tazara, don gilmen da ya yi tsawo sai ya lotsa a tsakiya, balle in ganye ya jiƙe da ruwa. Babban gilme ya zama tu-bai-sikis guda biyu a haɗe, a tsaye a kan gefe. Tsayi mita 2.4 daga daɓe zuwa ƙasan gilme ya isa, sai in za a rataya fanka, a kai shi 2.7.

A zana wurin a ƙasa da toka ko igiya, a shimfiɗa tabarmar, a kawo kujerun, a zauna a ciki kwana biyu. A nan za a gane ko ya tare hanyar banɗaki, ko ƙofar mota ba za ta buɗe ba. Don kusurwa ta fita daidai, a auna santimita 90 a gefe ɗaya, 120 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama 150. Daga ƙarshe a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya.

Abin da ke ƙasa, da haƙƙin maƙwabci

Kafin dagi ya taɓa ƙasa a san inda fayif ɗin ruwa da wayar wuta suka bi, a nisanci sokawe da bakin rijiya. A ɗaga kai kuma a duba wayar lantarki, musamman in da dogon ƙarfe za a yi aiki. Kada a jingina nauyin rumfa a kan katangar ƙasa ko ta bulo mai inci 6, ta tsaya da ƙafafunta. Murhu da zana ba sa zama kusa.

Rumfar da aka manna da katanga tana zama tsani, ga yaran gida da za su leƙa gidan maƙwabci, ga kuma wanda zai hauro da dare. A bar tazarar mita guda in fili ya ba da dama. Ruwa ma abin lura ne ga wanda ya rufe wani ɓangare da kwano: ruwan sama na milimita 30 a kan rufin mita 3 da 3.6 ya haura lita 300, wato duro ɗaya da rabi. A san inda zai zuba, kada ya zama gindin katangar wani. Daɓen ƙasa a ɗan gangarar da shi, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, nesa da ɗaki. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce, kuma ya yi rumfar da ake kwancewa da sifana. A unguwannin da hukumar tsara birni ke sa ido, irin KNUPDA a Kano, ko rukunin gidaje masu dokokinsu, a tambaya kafin a fara, musamman in rumfar za ta fito ta fuskar titi.

A bar wa shuka wurinta

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a daɓe wurin kaf da siminti, sannan a tuna ba a bar inda za a yi dashe ba. A ware rami mai faɗin santimita 60 a gindin ginshiƙi biyu, a waje da kankarensu, gara ma a gefen yamma. In za a iya, a sa wurin alwala kusa yadda ruwansa zai gangara can. Wannan yana da muhimmanci, domin soso da duma da kabewa, waɗanda ke rufe rumfa cikin makonni, 'yan damina ne: suna bushewa da rani, su bar rumfa tsirara a Maris da Afrilu, lokacin da aka fi buƙatarsu. Inuwar bazara sai shuka mai daɗewa da ake ba ruwa, kamar inabi, wanda manoman Kudan a jihar Kaduna suka nuna yana yi a ƙasarmu.

Duk abin da aka yanke a rubuta shi a takarda ɗaya: wuri, awo, inda arewa take, irin katako da ƙarfe, adadin kowanne, zurfin rami. A kai wa kafinta biyu ko uku wannan takarda su yi kuɗi a kanta, sai a ga bambancin na gaskiya. Babi na gaba zai ɗauki zancen shukar: wacce ke jure zafinmu, yadda ake ɗora ta a kan rumfa da yi mata aski, da yadda ake hana ta zama maɓoyar sauro da maciji. Ka riƙe takardarka a kusa, domin nauyin shukar da za ka zaɓa yana iya sa ka ƙara kaurin gilme kafin a je kasuwa.